Zuwa gabar tekun Antaliya a watan Janairu: akwai riba ko asarar kuɗin jirgi ne?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum. Muna shirin hutun mako guda a Antaliya ta ƙasar Turkiyya cikin Janairu, ni da maigida da yara biyu. Otal-otal sun karya farashi sosai, amma wasu na cewa garin mutuwa yake yi da zarar sanyi ya shigo. Waɗanda suka san wurin, don Allah me ake samu a wannan lokaci, kuma me ya kamata mu kiyaye kafin mu biya?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsar tana ga abin da zai kai ku. In wanka a teku ne burin yara, a ɗage tafiyar zuwa ƙarshen Mayu ko Oktoba. Ruwan Bahar Rum a gabar Antaliya yana sauka zuwa wajen digiri 17 a tsakiyar sanyi, alhali a Agusta yakan kai 28. Babba mai juriya zai iya faɗawa ya fito, yaro kuwa ba zai yi minti biyar ba haƙoransa sun fara kaɗawa.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, lokacin sanyin can shi ne daminarsu. Antaliya na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, kuma kaso mafi tsoka yana sauka ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Dalili kuwa tsaunukan Toros ne da suka tokare bayan garin: iska mai ɗauke da danshi ta taso daga teku, ta bugi dutse, ta haura, sai ta juye ruwanta a gabar. Tsaunukan nan dai su ne kuma ke tare muguwar iskar sanyin da ke kaɗawa daga tsakiyar Anatoliya, wato tsakiyar ƙasar Turkiyya, shi ya sa da rana a Janairu ake samun wajen digiri 15, da dare kuma 5 zuwa 6, a lokacin da Ankara ke cikin dusar ƙanƙara. Ruwan ba yayyafin yini da yini ba ne. Yakan zo da ƙarfi, da tsawa da iska, ya yi kwana ɗaya ko biyu, sannan gari ya washe tas, har ki hango ƙanƙara fari fat a kan duwatsu kina tsaye a bakin teku. A Disamban 2022 ambaliya ta mamaye Kumluca da Finike da ke yammacin lardin, don haka gargaɗin hukumar hasashen yanayi ba abin wasa ba ne.

Shawarata, kada a ɗaure kowace ziyara da rana takamaimai. A cikin kwana bakwai a ƙaddara biyu ko uku na ruwa ne, a duba hasashe kowane dare, ranar da gari ya waye garau a fita nesa, ranar ruwa a zauna cikin gari. A kuma san cewa yinin gajere ne. Turkiyya ta daina sauya agogo tun 2016, saboda haka a farkon Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin 6 na yamma kuma ta faɗi. Azahar na kamawa wajen ƙarfe 1.

Malam Na-Allah:
Baban Yusra ya gama maganar yanayi. Ni kan masauki zan tsaya, domin a nan ne arahar take cin mutum.

Na farko, wurin sauka. Kemer da Side, da ƙauyukan otal da ke kan hanyar Alanya, da baƙin bazara suke rayuwa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu otal da yawa a rufe suke, shaguna ma haka, sai ki yi tafiya mai tsawo ba ki ga inda za ki sayi ko burodi ba. Birnin Antaliya shi kansa ba ya rufewa, gari ne na mazauna sama da miliyan ɗaya, da jami'arsa da kasuwanninsa. Ki nemi masauki a Konyaaltı, ko Lara, ko cikin tsohon gari da ake kira Kaleiçi. Da yara, Konyaaltı ta fi: bakin tekunta tsakuwa ce ba yashi ba, amma akwai doguwar hanyar tafiya da ƙafa da wuraren wasa a gefenta.

Na biyu, gine-ginen can don zafi aka yi su. Ƙasan ɗaki tayil ne, bango ba kauri, kuma yawancinsu ba su da bututun ɗumama gida. Na'urar sanyaya ɗakin nan ita ake juyawa ta riƙa busa ɗumi, da an kashe ta kuma cikin rabin awa ɗakin ya koma gidan jiya. Kafin ki biya, ki rubuta musu ki tambaya: shin na'urar tana cikin kowane ɗakin kwana ko falo kaɗai? In gidan haya ne na kwanaki, kuɗin wuta na cikin farashin ko daban za a lissafa? Sai batun ruwan zafi, wanda ya fi komai ba da mamaki. Tankunan da ake gani jere a kan rufin gidaje da hasken rana suke ɗumama ruwa. Kwana biyu na hadari a jere, famfo sai ruwan sanyi. Ki tabbatar akwai hita mai aiki da lantarki a banɗaki. Da kin shiga ɗaki kuma ki leƙa bayan labule da kusurwar bango ta wajen taga. In kika ga baƙin tabon fumfuna ko kika ji warin danshi, ki nemi a canza, musamman in akwai yaro mai asma.

Wurin iyo na waje ba a ɗumama shi a mafi yawan otal. Hoton da ke shafinsu na bazara ne. Ki tambaya ko akwai na cikin gini, ko yana aiki a watan da za ku zo, da kuma digirin ruwansa. 28 zuwa sama ne yara za su ji daɗi. Ki ƙara da tambayar ko ana gyare-gyare a otal ɗin ko maƙwabtansa. A lokacin cunkoson baƙi hukuma kan taƙaita aikin gini a yankunan yawon buɗe ido, sai aikin duka ya taru a lokacin sanyi, ƙarar guduma tun da safe.

Arahar ma tana da ranakun da ba ta aiki: makon sabuwar shekara, da hutun makarantun Turkiyya na mako biyu a kashi na biyu na Janairu. A Belek kuma, garin otal-otal da ke gabas da birnin, Janairu lokacin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ne da ke zuwa atisaye, da 'yan wasan golf, otal-otal ɗin can ba sa rasa baƙi.

Anti Rabi:
Maman Sadiya, kada lissafin matsaloli ya sare miki gwiwa. Ni a ganina duk mai son ya ga tarihin yankin nan da idon basira, lokacin sanyi ne lokacinsa. A Yuli zafi na wuce digiri 35 ga gumi, kufan biranen kuwa babu inuwa, mutum sai ya ɗauki hoto ya gudu mota. A Janairu kina iya yin awa uku a Perge ba ki gaji ba.

Perge na gabas da birni, ƙasa da kilomita 20. Jirgin ƙasan cikin gari na AntRay yana kaiwa Aksu, daga nan saura wajen kilomita 2, a ɗauki tasi. Ki bi babban titin mai ginshiƙai a jere, ki lura da magudanar ruwan da aka gina a tsakiyarsa tun daga maɓuɓɓugar da ke gindin tudu. Duwatsun da aka shimfiɗe titin da su har yanzu da sawun ƙafafun kekunan doki a jikinsu, kuma bayan ruwan sama sulɓi gare su, don haka takalmi mai kama ƙasa ya zama dole. Aspendos na gaba, kusa da Serik, wajen kilomita 45 daga birni. An gina dandalin wasan kwaikwayonsa a zamanin sarkin Rum Marcus Aurelius, tsakanin shekarar 161 da 180, kuma bangon dandalin na nan tsaye. Da yake ba kowa, ki sa yaro ya tsaya a ƙasa ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba, ku hau can sama ku saurara. Cikin hayaniyar bazara wannan ba ya yiwuwa. A fita da wuri dai, don wuraren tarihi na rufewa tun wajen ƙarfe 5 a lokacin sanyi, masu sayar da tikiti kuma suna riga tashi.

Ranar ruwa a shiga Kaleiçi: Ƙofar Hadrian da aka gina a shekarar 130, da hasumiyar Yivli Minare ta Saljuƙawa, Turkawan da suka mulki yankin, daga ƙarni na 13, duk tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ruwan Düden mai zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, tsayin wajen mita 40, ya fi cika da ƙarfi bayan an sha ruwan sama. Lemun zaƙi ma lokacinsa ke nan, na Finike ya yi suna a duk ƙasar.

Baban Yusra:
Ƙari kaɗan kan duwatsu, tunda yara za su so taɓa ƙanƙara. Motar igiya da ke kusa da Tekirova tana haurawa da mutane ƙololuwar Tahtalı, mita 2,365, cikin wajen minti 10. Duk mita 1,000 da aka hau sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6, ke nan in a bakin teku 15 ne, a sama kusan sifili za ku tarar, ga iska. Safar hannu da hula da riga mai tare iska, ba suwaita kaɗai ba. A kira su da safe kafin a kama hanya, domin iska mai ƙarfi na sa su dakatar da aiki, in kuma gajimare ya rufe dutsen an biya kuɗin ganin hazo ne kawai. Saklıkent, wurin zamiya a kan ƙanƙara, yana wajen kilomita 50 daga birni a kan hanya mai lanƙwasa. Motocin haya na gabar teku galibi da tayoyin bazara suke, a nemi sarƙar taya daga kamfanin ko a ɗauki direban da ya saba da hanyar. Termessos kuwa, kufan tsohon birni da ke kan dutse mai tsayin wajen mita 1,000, hawa ne a kan duwatsu masu santsi, ban ba da shawarar kai ƙananan yara ba in an yi ruwa a daren jiya.