Ta yaya za mu naɗi tatsuniyoyi da labaran dattawanmu domin yaran da aka haifa a Legas?

Malamin Islamiyya, Agege:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ajin yamma a wata makarantar Islamiyya a Agege, kuma yawancin ɗalibaina a nan Legas aka haife su. A makon jiya, da ruwan sama ya hana mu tashi bayan an gama karatu, sai na ce bari in ɗebe musu kewa, na buɗe baki na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara biyu kacal suka amsa da "Ta zo mu ji ta," sauran kuwa suka zuba mini ido suna jiran in nuna musu abin da na ce ga shi nan. Da na bincika sai na tarar waɗannan biyun ne kaɗai ke zaune gida ɗaya da kakarsu.

Ban ga laifin yaran ba. A makarantar boko da Turanci ake koya musu, ga darasin Yarbanci wanda dokar jihar Legas ta 2018 ta wajabta, a kan layi kuma da buroka suke wasa, saboda haka Hausarsu ba ta wuce ta aike da gaisuwa ba. Shawarar da nake nema ita ce: ina so mu riƙa naɗar muryoyin tsofaffin unguwarmu da waya suna ba da tatsuniya da labaran da, mu riƙa kunna wa yara. Me ake bukata, kuma ta wace hanya za a shawo kan dattawan? Abin da ya fi damuna shi ne kada naɗin ya zama dalilin da yaro zai daina zuwa wurin tsohuwa, tunda ga muryarta a aljihunsa.

Uwar Biyu, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Na gwada irin wannan a bara, lokacin da surukata ta zo daga Katsina ganin likita ta yi wata biyu a wurinmu, kuma karon farko ban ci nasara ba. Da hantsi na same ta, yara suna makaranta, na ajiye waya a gabanta na ce, "Inna, a yi mana ta Gizo da Ƙoƙi." Da farko ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, haka aka tarbiyyantar da su. Da na matsa mata sai ta yi, amma cikin minti uku ta kai ƙurunƙus, babu waƙa, babu kwaikwayon tsamin bakin Gizo, sannan ta dube ni ta ce ita ba ta saba yi wa bango magana ba.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta da daddare, yaran suka kewaye ta a kan tabarma, sai na danna naɗi na ajiye wayar a gefen matashin kai. Tatsuniyar nan ɗaya ta kai kusan minti 20, domin duk inda waƙa ta zo sai ta tsaya har sai yaran sun amsa, kuma da ƙaramin ya tambaye ta mene ne rumbu, sai ta bar Gizo a can ta shiga yi masa bayanin yadda ake adana gero da dawa bayan kaka. Wannan naɗin shi suke nema har yau, kuma a ganina abin da suke so su ji shi ne muryoyinsu a cikin nata. Don haka, Malam, kada ka naɗi tsohuwa ita kaɗai. Ka kai yaran wurinta, ka bar wayar ta zama 'yar sauraro kawai. Ka kuma fara da kacici-kacici, domin yaron da ke jin kunyar Hausarsa zai iya cewa "hayaƙi" idan aka ce masa "Baba na ɗaka, gemu na waje."

Mai Gyaran Waya, Ikeja:

Malam, game da kayan aiki, wayar da ke hannunka ta isa, matsalar Legas ita ce hayaniya. Ka zaɓi ɗaki mai labule da katifa, domin ɗakin da babu komai a cikinsa yana sa murya ta yi amsa-kuwwa, ka kashe fanka ko da za a sha zafi na ɗan lokaci, kuma ka kauce wa sa'ar da maƙwabta ke tayar da janareto. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin, ka ɗora ta a kan abu mai laushi kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana.

Ka yi amfani da manhajar naɗar murya ta wayar, ka ajiye asalin fayil ɗin, sannan ka tura kwafi a WhatsApp idan kana so. Murya zalla ba ta da nauyi: a tsarin MP3 mai 64 kbps, minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, wato ƙaramin katin memori zai ɗauki sa'o'i masu yawa. Kowane fayil a rubuta masa kwanan wata da garin da mai labarin ya fito, a kuma ajiye shi a wuri biyu, domin kullum ana kawo mini wayoyin da suka faɗa ruwa da abubuwan da ba za su dawo ba. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna StoryCorps da ta fara aiki a 2003, inda mutum biyu da suka san juna ke zama su yi hira ta kimanin minti 40, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Abin koyi a wurinsu shi ne ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa tambaya, babu ɗan jarida a tsakani.

Tsohon Ɗan Goro, Agege:

Ɗana ne yake rubuta mini wannan. Malam, tatsuniya abu ne mai kyau, amma a wurinmu fagen iyaye mata ne, kuma idan a nan kuka tsaya, mu maza babu abin da za mu ba ku. Abin da ke hannunmu shi ne labarin yadda aka zo nan. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma fataucin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege, inda ake sayensa a wurin manoma Yarbawa, a jera shi a huhu da ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin ya kai Arewa. Jikokina ba su san cewa Ikko muke kiran garin nan ba, ba su san mene ne fatoma ba, wato maigidan da baƙo ke sauka a wurinsa ya ajiye masa kaya da kuɗi bisa amana. Haka nan masu tumatir da albasa na Mile 12 da masu dabbobi na Alaba Rago, kowa da nasa labarin.

Sai dai ina da sharaɗi biyu. Na farko, jikana ne zai yi mini tambaya da bakinsa, ko da Hausarsa ta karkace, ni zan gyara masa. Na biyu, idan tsoho ya saki jiki yakan ambaci bashi da rigimar gado da sunayen mutanen da 'ya'yansu ke raye, saboda haka a kunna mini in ji kafin a tura wa kowa, abin da na ce a cire a cire. Matan da ke cikin gida kuma a nemi izininsu da na mazajensu, kuma mace ce ya dace ta shiga da yaran.

Malamin Islamiyya, Agege:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma, kuma na karɓi sharuɗɗan nan biyu. Na yi magana da shugaban makarantarmu, mun tsayar da daren Alhamis bayan sallar isha'i, tunda ba mu da karatu ranar, yara biyar a kowane gida, bayan iyayensu sun amince a naɗi muryoyinsu. Malama ɗaya za ta raka masu zuwa wurin tsofaffi mata, ni kuma zan raka masu zuwa wurin maza, kuma kowane yaro zai zo da tambaya ɗaya da ya shirya tun daga gida. Baba, idan babu damuwa, da gidanka za mu fara, sai ɗanka ya sanar da ni daren da janareton maƙwabta ya fi yin shiru.