Masu koyar da manya shirin WAEC da NECO, ina neman shawara

Sabon Malami:
Salamu alaikum. Na gama NCE a fannin lissafi, an kuma ba ni ajin yamma na manya masu shirin NECO ta waje, wadda ake zanawa a ƙarshen shekara. A cikinsu akwai sa'an mahaifina. Waɗanda suka taɓa yi, ta ina ake farawa?

Uwar Biyu, Kano:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ranar farko kada ka taɓa allo. Ka tambayi kowa me ya kawo shi. A ajina akwai matar da aka yi wa aure tana aji huɗu, yanzu makarantar ungozoma take nema, ga masinjan da ƙarin girma ya tsaya masa saboda takarda. Kusan dukansu abu ɗaya ke gabansu: kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Wasu ma suna da huɗu a hannu tun tuni, darasi ɗaya ya riƙe su, kuma makarantu da yawa na karɓar sakamakon zama biyu. Irin wannan me zai sa ka ɗora masa manhajar shekara uku?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, babba ba ya tsoron wuya, kunya yake tsoro. Kada ka tsayar da magidanci gaban allo sai ka tabbata ya iya. Idan ya faɗi amsa aka yi dariya, gobe ba za ka gan shi ba, sai dai ya aiko cewa baƙi ya yi.

Da na zo koyar da ƙa'idar Pythagoras, wani magini a ajin ya yi zuru. Na ce, "Malam, yaya kake daidaita kusurwar ɗaki?" Ya tashi ya nuna da igiya: ƙafa uku nan, huɗu can, a ja tsakani ya ba da biyar. Na ce to ai ita ce. Daga ranar shi ke yi wa sauran bayani.

Na Tudun Wada:
Ni tsofaffin tambayoyin jarrabawa na fi dogaro da su, da agogo a kan tebur. Hannun da ya daɗe bai riƙe biro ba yana da nawa, insha'in Turanci kan cinye musu lokaci. Ka kuma sa su taɓa kwamfuta, don tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da ita. A duba sunan da ke NIN tun kafin rajista.

Sai maganar kuɗi. Ka yi ciniki da mai cibiyar tun yanzu, ni an taɓa cewa in jira sai ɗalibai sun biya, alhali da damina rabin ajin na gona.

Uwar Biyu, Kano:
Af, za a same ka a gefe a ce "Malam, akwai taimako a zauren jarrabawa?" Ka ce babu, a gaban kowa.

Sabon Malami:
Na gode iyayena. Masu zuwa da goyo fa, Anti, a bar su su shiga?

Uwar Biyu, Kano:
Ka bar su, ka shimfiɗa musu tabarma kusa da ƙofa.