Neman shawara: maganin fungas da haske ke kunnawa, in ci gaba ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin aikin digiri na biyu a kemistiri. Abin da ke raina shi ne in ɗauki boscalid, maganin feshin da ke toshe enzayim ɗin succinate dehydrogenase (sinadarin da ke taimaka wa fungas samar da kuzari) a jikin fungas mai ƙona ganyen tumatir, in haɗa shi da azobenzene. Azobenzene ƙwayar sinadari ce da haske ke sauya wa siffa; a miƙe take. Hasken UV na 365 nm na taɓa ta sai ta lanƙwashe, shuɗin haske ko ɗumi ya miƙar da ita. So nake maganin ya yi aiki yana lanƙwashe, daga baya ya mutu da kansa, kada ya daɗe a gona har fungas ya saba da shi. Malamina ya karanta, ya tura mini takardar ya ce in sake tunani. Ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Rana ce matsalarki. Haskenta ya haɗa UV da shuɗi lokaci guda, ke nan a gona makunnin ba ya hannunki, cakuɗen miƙaƙƙu da lanƙwasassu za ki samu. Ɗakin binciken Ben Feringa a Groningen ya yi irin wannan a 2013 da maganin bakteriya na dangin quinolone, amma a faranti ne, fitila na hannunsu.

Amsa ta biyu:
Ni malamin gona ne. Cutar nan daga ganyen ƙasa take farawa, can cikin inuwa, tabo mai zobe-zobe. Wace fitila za ta kai can? Manomi ko kuɗin feshi da ƙyar yake haɗawa.

Amsa ta uku:
Kar ki haƙura, ki rage buri dai. Akwai azobenzene mai fulorin huɗu da koren haske ke juyawa, sai dai shi idan ya lanƙwashe ba ya saurin komawa, kin ga ya saɓa wa manufarki. Bar gona tukuna. Ciro mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da enzayim ɗin ke ciki, daga fungas ɗin, ki auna enzayim da DCPIP: ruwan shuɗi ne, yana dusashewa idan enzayim na aiki. Gwada sau ɗaya a duhu, sau ɗaya bayan haske. In an ga bambanci, kin sami digirinki. Kuma don Allah sa tabarau mai tare UV, UV ba ya wasa da ido.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya, don kare maganin daga haske, kwalaben zan naɗe da takardar aluminiyam, ko in nemi masu ruwan ƙasa?