Kayan tarihi: a tara su a ɗaki ɗaya ko a bar su a gida?

Hamma Usman: Assalamu alaikum. Maganar da muka fara bayan Juma'a nake so mu ƙarasa, kuma ina nan kan bakana: kayan tarihi ba sa tsira a gida. Makon jiya muka buɗe akwatin ƙarfen Dada. Takardar harajin kakanmu gara ta cinye rabi, sai hatimin En'e ya rage. Hotonsa ya manne da ledar da aka naɗe shi, muna ɓarewa fuskar ta bi ledar. Kwabo mai huji da anini uku ne kawai suka fito lafiya. Mu nemi ɗaki ɗaya a nan Jekadafari cikin Gombe, kowa ya kawo abin da tsofaffinsa suka bari, a rubuta sunan gida. A Bauchi, a kabarin Tafawa Ɓalewa, ai har yau ana ganin kayansa.

Bappa Sale: Wa alaikumus salam. Usmanu, shi ɗakin naka gara ba ta san hanyarsa ba? Na Bauchi gwamnati ke riƙe da shi, masu gadi albashi suke ci. Naka wa zai biya haya, wa zai riƙe makulli? Rijiyar bakin masallaci ta ishe mu misali: kowa na ɗiba, babu mai yasa.

Adda Hauwa: Ni ba haya ce damuwata ba. Gafakar mahaifinmu da littattafan ajamin da ke ciki gado ne, mu goma sha ɗaya muke da haƙƙi, har da marayu. Wa ya isa ya ɗauka ya kai?

Malam Isa: Hauwa ta yi gaskiya. Abin da ba a raba ba, magaji ɗaya ba shi da ikon kyautar da shi. Sai dai aro da yardar kowa, a rubuce, da shaidu. Rabon maraya kuwa a yi hattara.

Auta: Ku gafarce ni iyayena, yaro ne zai sa baki. Duk akwati muke ta magana, mun manta masu akwatin. Takardun Di'o da na sarakuna suna Kaduna, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa. Amma wa ya rubuta labarin leburan da suka yi dakon auduga a BCGA, kamfanin audugar Turawa? Goggo Asabe tana budurwa jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ta sayar da fura a tasha. Ta san yadda aka yi ta rikicewar lissafi a kasuwa da aka bar fam da sule aka koma naira a 1973. Wannan ba ya buƙatar ɗaki. Waya ce, a ɗauki murya, a ɗauki hoton kaya, kowa ya mayar da abinsa ƙarƙashin gado.

Hamma Usman: Wayar da kake canjawa duk shekara? Ina hotunan bikinka?

Auta: Wannan kuma ƙaddara ce, Hamma. Sai a ajiye a wuri uku.

Bappa Sale: To ga inda nake tsoro, kuma ku saurara da kyau. Kowane ɗan makaranta ya haddace cewa Buba Yero ya kafa Gombe Abba, Turawa suka mayar da fada Nafaɗa a 1913, sannan aka dawo nan Doma, Gomben yanzu, a 1919. Wannan ba ya ɓata wa kowa rai. Amma ka kunna wa tsohuwa waya ka ce ta faɗi yadda aka zo, za ta gaya maka wanda ya zo a kan doki da wanda ya ɗauko kayan mai dokin a ka. Jikokinsu yau sun yi auratayya, wasu suna cikin zauren nan. Ga tsofaffin takardun gona, guda ɗaya ta isa ta kai gida biyu kotu. Wani shirun da tsofaffi suka yi ba mantuwa ba ce.

Hamma Usman: Wato mu bar gara ta yi mana alƙalanci kenan, Bappa?

Adda Hauwa: A'a. Amma mai labari shi zai ce wannan a saki, wannan a rufe. Kuma muryar mace da hotonta kada in gan su a Facebook. Mu mata za mu ɗauki na mata.

Malam Isa: Abin da zai tona asirin wani gida kuma giba ce, ko da an kira shi tarihi.

Auta: Malam, in an cire duk mai ɗaci, ai kirarin fada kawai zai rage.

Adda Hauwa: Na karanta wa Goggo Asabe duka, ga saƙonta. Ta ce tasoshin jerenta ba sa zuwa ɗakin kowa, amma a zo a ɗauki hoto, za ta sa a wanke su da toka. Labarin tasha za ta bayar har da waƙar tallan. Na wanda ya ɗauko kayan wani kuwa, ta ce ta sani sarai, Sale ma ya san ta sani.

Bappa Sale: Ku gaishe ta.

Hamma Usman: Ni dai ban janye maganar ɗaki ba.

Adda Hauwa: Ta ce gobe bayan la'asar, kuma Auta ya taho da goro, fari.