Jijiyar ido ta toshe wa Baba, ga kuma maganar hawan jinin ido

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu ya wayi gari idonsa na dama yana gani dishi-dishi, ba ciwo ba komai. Likita ya ce babbar jijiyar da ke kwashe jini daga tantanin gani na bayan ido ce ta toshe. An fara masa allura a idon, gani ya ɗan dawo. Amma an ce ya riƙa zuwa duk wata a duba hawan jinin ido, wato glakoma. Baba kuwa ya kafe, wai tunda ya ji sauƙi, jelen na mene ne? Me ya haɗa biyun?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki lallaɓa shi, kada ya fasa ko sau ɗaya. Idan toshewar ta yi tsanani, tantanin ba ya samun isasshen jini, sai ya riƙa fitar da wani sinadari, VEGF, mai sa sababbin jijiyoyi tsirowa. Matsalar, ba inda ake buƙata suke tsira ba. Sukan fito a kan baƙin ido, su rufe magudanar da ruwan cikin ido ke bi ya fita. Ruwa ya taru, awon matsin ruwan idon ya wuce 21, alhali daidai shi ne 10 zuwa 21. Likitoci na ce mata glakomar kwana 90, don wajen wata uku take bayyana. Dishi-dishin da allura ta rage, kumburin tantanin ne ya jawo shi. Abin da glakoma ta ci na jijiyar gani kuwa ba ya dawowa.

Wani ɗan'uwa:
Ƙari a kan bayanin Anti: allurar danne jijiyoyin take yi, tana iya jinkirta su ne kawai. Da aka tsayar da allurar yayana, daga baya suka ɓullo, sai da aka yi masa leza, wato aikin ido da haske mai ƙarfi. Ki kuma tambaya ko allurar mai sitiroyid ce, wato wani nau'in maganin kumburi, ita kanta tana ɗaga awon.

Wata 'yar'uwa:
A auna na hagun ma. Glakoma kan riga toshewar zuwa, ta zama cikin sanadinta, kamar hawan jini da ciwon suga. In ido ya yi ja, da ciwon kai da tashin zuciya, ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yana da hawan jini kuwa, maganin ma sai an bi shi da shi. Gobe ni zan kai shi da kaina.