'Yan sanda biyu, ƙabila biyu: me za a ɗauka daga tsofaffin finafinan Amurka?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin fim a nan Gombe: 'yan sanda biyu a mota ɗaya, Bafulatani da Batangale, ba sa ga-maciji amma aiki ya haɗa su. Salon tsofaffin finafinan Amurka nake so, na Bature da baƙar fata. Da gaske sun yi wa baƙin adalci, ko ado kawai aka yi da shi?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Auna kowane fim da tambaya uku: wa ke da iko, gidan wa kyamara ta shiga, wa ya kashe wutar a ƙarshe.

A 48 Hrs. na 1982, Eddie Murphy, baƙar fatar fim ɗin, ba ma ɗan sanda ba ne. Fursuna ne aka aro na awa 48, da ankwa a hannu, Baturen ɗan sandan, Nick Nolte, na zaginsa da launin fatarsa. A Lethal Weapon na 1987 sai reshe ya juye da mujiya: Danny Glover, baƙar fata, shi ne magidanci ɗan shekara 50 mai mata da 'ya'ya uku, Baturen kuwa, Mel Gibson, shi kaɗai a tirela bakin teku, yana neman halaka kansa, har Glover ya kai shi gida cin abinci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Amma duba damben ƙarshe. A ƙofar gidan Glover aka yi shi, Gibson ne ke dambe da mugun fim ɗin, mai gidan na tsaye yana hana sauran 'yan sanda shiga.

'Yar Kaltungo:
Malam ya yi bayani. Yayana, a harshe aka fi yin ɓarna. Rush Hour na 1998 ya ci kasuwa, amma dariya da yawa a kan Turancin Jackie Chan take, wanda ya fito a ɗan sandan da ya zo daga Hong Kong. A filin jirgi abokin aikinsa baƙar fata, Chris Tucker, na daka masa ihu kalma-kalma, alhali yana jin komai. Don Allah kada ka sa wa Batangalenka gurguwar Hausa don a yi dariya. Mutanen Billiri da Kaltungo na jin Hausa sarai. In ya kira mahaifiyarsa, ya yi Tangale na gaske, a rubuta fassara a ƙasa, mai yaren ya duba kafin a ɗauka. Haka Fulatancin ɗayan.

Mata kuwa a waɗancan finafinai, galibi ko matar gida ko wadda aka sace. A Lethal Weapon sai a kashi na uku, 1992, Rene Russo ta shigo tana bincike tana faɗa.

Baffan Pantami:
Ɗana, ɗauki biro ka ƙirga fitowa-fitowa. In guda 40 ne, rubuta wa ya yanke shawara a kowace. In ɗaya ya kwashe 30, ba abokai ka rubuta ba, oga da yaronsa ne. Yakan faru don marubuci ya fi sanin gidan ƙabilarsa, sai ɗayan ya tashi ba uwa, ba unguwa, ba coci ko masallaci.

Kuma saɓaninsu kada ya zama ƙabila kaɗai. A Bad Boys na 1995 duka baƙaƙe ne: Will Smith gwauro mai dukiyar gado, Martin Lawrence mai iyali. A nan rigimar take. Naka, ɗaya ya shigo da digiri, ɗaya ya taso daga kurtu yana da shekara 20 a bakin aiki. Ɓarawon kuma kada ya fito daga ƙabilar da ba ta da wani mutumin kirki a fim ɗin.