Wace kalma za mu ba "mini PC"? Ni dai na tsaya a kan 'yar girke

Assalamu alaikum jama'a. Neman kalma ne ya kawo ni yau, kuma ga abin da ya jawo. Ƙanena ya sayo kwamfuta don shagonsa na buga takardu, ya biyo da ita gida a aljihun jakar goyonsa, ya ajiye kan tabarma. Baba ya ɗauka ya jujjuya, ya leƙa ramukan da ke bayanta, ya ce, "Kai, wannan ba dikoda ba ce?" Yaro ya ce, "A'a Baba, mini PC ce." Baba ya ce, "To, da Hausa fa?" Muka yi tsuru-tsuru, ni da nake ganin na iya Hausa da shi da ya iya kwamfuta.

Ga wanda bai taɓa gani ba: ɗan akwati ne da bai fi kwanon sha faɗi ba. Ba allo, ba madannai, ba batir. Kai za ka kawo allonka da madannanka da linzaminka ka jona, ka sa ta a soket. Wasu ma da sukurori huɗu ake ɗaure su a bayan allo, mai shigowa shago ya yi ta waige-waige yana neman inda "sifiyu" yake.

Abin ba sabo ba ne. Tun Janairun 2005 Apple ya fito da Mac mini a kan dala 499, faɗinta inci shida da rabi. Intel ya daɗe yana yin nasa mai suna NUC, har ya sakar wa ASUS harkar a 2023. Raspberry Pi kuwa, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35, girman katin ATM gare ta. Shekara ashirin ke nan abu yana yawo a duniya ba mu raɗa masa suna ba.

Na san kalmar farko da za ta zo bakin kowa ita ce "ƙaramar kwamfuta". Ban yarda da ita ba. Kwamfutar cinya ma ƙarama ce, ta hannu ma ƙarama ce, wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma ƙaramar kwamfuta ce. Idan ka aiki yaro Fam Santa, kasuwar wayoyi ta Kano, ka ce ya tambayo maka kuɗin ƙaramar kwamfuta, tafi-da-gidanka za a nuna masa.

Na gwada "dunƙule", don kuwa an dunƙule komai wuri guda. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce, "Na miya ko na jollof?" Nan na binne ta. "Batta" ta fi burge ni, tsohuwar kalma ce mai daɗin faɗi, kuma siffar ta yi daidai. Matsalarta siffar kawai take faɗi. Batta abin sawa a aljihu ce a yi tafiya, wannan kuwa ba don tafiya aka yi ta ba.

A nan ne gizo yake saƙar. Da can, in ka buɗe kwamfutar tebur ka buɗe waya, abubuwa biyu daban za ka gani: ta tebur masarrafarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, ta Intel ko AMD ce, da fanka mai ƙugi, tana shan wuta kamar ba gobe, waya kuma masarrafa ce bisa tsarin ARM, wadda aka ƙera don ta lallaɓa batir. Yanzu katangar ta rushe. A Yunin 2020, da Apple zai bar Intel, kwamfutar gwaji da ya raba wa masu rubuta manhaja gangar jikin Mac mini ce, amma a cikinta masarrafar A12Z ta iPad Pro. A Nuwamban shekarar Mac mini mai M1, masarrafar Apple bisa tsarin ARM, ta fito, bayan 'yan watanni kuma aka sa M1 ɗin nan dai a cikin iPad. A 2024 Qualcomm, wanda muka sani da masarrafar wayoyi, ya shigo da Snapdragon X cikin kwamfutocin Windows. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, sai dai kowa da ɗakinsa.

Daga ɗaya ɓangaren, waya ma ta daɗe tana neman hawa tebur. Motorola Atrix ta gwada a 2011, Microsoft ya gwada da Continuum a 2015, duk ba su yi nisan kwana ba. Samsung DeX, da ya zo tare da Galaxy S8 a 2017, shi ya rayu: ka jona waya da babban allo, sai ta buɗe tagogi kamar kwamfuta. Google ma ya faɗa a 2025 cewa zai haɗe ChromeOS, babbar manhajarsa ta kwamfuta, da Android ta waya.

To idan hanjin ɗaya ne, manhajojin ma suna ta zama ɗaya, me ya rage ya bambanta wannan akwati da waya? Abu ɗaya: ita zama take yi. Ana ajiye ta wuri guda, a ba ta wuta, a bar ta. Kuma Hausa tana da kalmar wannan tun kafin a haifi kwamfuta: girkawa. Ana girka tukunya a murhu. Masu rubutun fasaha da Hausa sun riga sun kira ta tebur "kwamfutar girke", kishiyar tafi-da-gidanka, kuma wallahi wanda ya fara faɗin haka ya iya Hausa. Abin da ya rage kawai mu ƙanƙanta ta yadda muke ƙanƙanta komai: 'yar tukunya, 'yar jaka, 'yar girke.

Ku duba Mac mini ta 2024. Faɗinta ya koma inci biyar, sannan aka kai maɓallin kunnawa ƙarƙashinta, sai ka ɗan ɗaga ta kamar mai duba gindin tukunya kafin ka danna. An yi ta surutu a kai, amma ni abin da na karanta a ciki shi ne masu ƙirar ba su sa ran za ka riƙa taɓa ta ba. Girka ka manta.

Da na kawo wannan shawara, wani bawan Allah ya yi saurin cewa in dai waya za ta iya aikin, nan da 'yan shekaru akwatin zai ɓace, mun yi wahalar suna a banza. Malam, ban ga alama ba. Shagon ƙanena shi ne amsata. In ya tafi masallaci wayarsa na aljihunsa, amma yaron shago yana nan yana buga wa wata hajiya takardar haya. Waya ta mutum ɗaya ce, 'yar girke ta wuri ce. Ga zafi: waya ba ta da fanka, in ta sha aiki a watan Afrilu sai ta rage gudu don kanta, batirin kuma ya gaji da zama kan caji. Ga kira yana shigowa tsakiyar aiki. Ofis, kantin magani, cibiyar jarrabawar JAMB mai layin kujeru, duk na'urar da ba ta bin kowa gida suke so.

Sai maganar wuta, wadda ita ce za ta sayar da ita a wajenmu fiye da kowace talla. Mac mini mai M1, bisa lissafin Apple, ba ta wuce wat 39 ko da an matsa mata, a zaune kuma kusan 7. Ko fankar silin ta fi ta ci. Mai ɗan faifan sola da ƙaramar inbata zai wuni da ita, abin da tsohon dogon sifiyu ba zai bari ba. Inda ta gaza shi ne rashin batir: aka ɗauke wuta ba ka da madogara, aikinka ya bi ruwa. Kuma gadon da ta ci daga waya ba duka ne alheri ba. A waɗansunsu ma'adanar wucin-gadi (RAM) a manne take da masarrafa, ba a ƙarawa, ba a cirewa, mai gyara ya kalla kawai. Mai saye ya tambaya kafin ya biya.

Wata Hajiya kuma ta ce mini kar a je a ji "'yar girka" a ɗauka maganar bori ake yi, na yi dariya, kuma ta yi gaskiya, wasali ɗaya ne tsakani. Amma "kwamfutar girke" ta shekara da shekaru ba wanda ya kai ta wajen masu garaya. A rubutu a fara da cikakken suna, "'yar kwamfutar girke", daga baya a gajarta. Jam'in ne ya fi ba ni wuya, don "'yan girke" kamar sojojin da aka girke a mararraba. Ina ganin "ƙananan girke" ya fi lafiya: an kawo ƙananan girke ashirin makarantarmu.

Ribar da na fi so a kalmar ita ce aikatau ɗinta yana nan a shirye, ko da Malamin da ya ce akwatin zai ɓace ya yi gaskiya waya ta cinye akwatin. Mai DeX zai ce, "Bari in girka wayata in gama rubutun nan." Ɗan abin da ake ɗora wayar a kai, mai ramukan allo da madannai da caji, na so in ce murhu, amma na ji tsoron uwargida, don haka na sa "magirki". Wannan ta biyun ban kafe a kanta ba, mai wadda ta fi ya kawo.

Na koma na faɗa wa Baba 'yar girke. Ya maimaita sau biyu, ya ce, "To ai ka ga yanzu na san ba a yawo da ita." Sannan ya tambaya ko tana kama tashar Makka.